Ɗan Dakon Laimar Liman

Ku samarin da kuke zama gaban keken surfani a bakin tasha, maganarku tana iso ni. Wai tsohon nan na gindin itacen bedi yana shafe wata guda a kan abin da keke zai gama kafin shayi ya tafasa. Wai mene ne a cikin surfani in ban da soka allura da jan zare. To, ni ne tsohon, sunana Habu, kuma ba zan ce muku ban ji haushi ba. Na ji. Amma maimakon in bi ku da zagi, bari in ba ku labarin laima ɗaya tak, ta wani liman a ƙasar Sarkin Yamma, wadda saura ƙiris keke irin naku ya kashe ta, wadda kuma a kanta na ɓata da mutumin da ya fi kowa ba ni aiki.

Aikin farko da aka ba ni a rumfar Malam Shaibu bai kai ga allura ba ma. Mahaifina masunci ne a tabkin nan namu na Madarumfa, ni kuwa da jirgi ya motsa sai cikina ya juya. Da ya gaji da ni, ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Shaibu mai surfani, ya ce ga wanda ruwa ya ƙi, a gwada shi a tudu. Malam ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini dunƙulen kakin zuma da ƙullin zare. Aikina in ja zaren ta cikin kakin, in sake ja, har ya yi santsi amma bai yi danƙo ba. In kaki ya yi yawa, zare ya kwashi datti ya dusashe. In ya yi kaɗan, ya tsinke maka a tsakiyar aiki. Damina ta zo ta wuce ina jan zare, har yaran unguwarmu suka sa mini suna gizo-gizo.

Kayan aikin Malam duka a cikin tsohon gwangwanin shayi suke. Akwai siririyar allura ta siliki, akwai mai ɗan kauri ta zaren auduga, akwai basilla ta huda fata. Akwai guntun alli na zane, da fatar akuya da ake naɗawa a yatsa, da almakashi guda wanda in ka yanka takarda da shi ranar ba ka da abincin rana. Gwangwanin nan yana hannuna har gobe. Ban ƙara masa komai ba sai tabarau.

Majanyin wata mata shi ne abin da aka fara bari na sa wa allura. Ta haihu, mijinta ya sayo mata saƙi mai kyau, tana so a yi masa ado. Na ɗauki alli zan fara zane daga tsakiya, inda ido zai fi gani, sai Malam ya riƙe mini hannu.

"Ina yaron za shi zamna?" ya tambaye ni.

Na nuna tsakiyar.

"To, kai za ka so a goye ka bisa sarƙar zare? Bi baki-baki, ka bar mashi wurin zamanshi."

Haka na gane cewa kowane abu da ake kawo mana yana da wurin da ba a taɓawa. Matashi, ka bar inda kunci zai kwanta. Gafakar malami, ka bar gefen da ke gogar kwankwaso. Sallaya, ka bar wa goshi wurinsa. Murfin kujerar babur, ka yi adonka a gefe, don wando ba ya san darajar siliki. Ku kun ɗauka mai surfani shi ne wanda ya iya cika ƙyalle da zare. Cikawa kowa ya iya. Sanin inda za ka ɗage hannu shi ne ya ci mini shekaru.

Laimar da nake ba ku labari ta zo rumfarmu ina saurayi, gemu bai fito mini ba. Wani sabon liman ne ya aiko da ita daga ƙauyensu. Mahaifinsa ya zo da ita daga aikin hajji, kuma ita ake riƙe wa limamin garin ranar Idi, daga ƙofar gidansa har fili, a tsaya da ita a kansa har ya gama huɗuba. Ba irin ta yanzu ba ce da iska kaɗan ke juyawa. Haƙarƙarinta ƙarfe ne na gaske, mariƙinta baƙin itace, faɗinta ya ishi mutum uku su fake. Ƙyallenta baƙi wuluk, falle takwas, babu ko ɗigon ado. Liman yana so a yi mata surfani.

Aikin laima ba a cinya ake yin sa ba. In ka cire ƙyallen ka shimfiɗa ka yi masa ado, ranar da aka mayar da shi aka buɗe, ƙarfe zai ja, zare ya ƙi ja, sai ko dai ya tattare ko ya tsage. Don haka a buɗe ake yi mata. Malam ya rataye ta da igiya a azarar rumfa, ya tsaya a ƙarƙashinta yana soka allura sama, ni ina bisa turmi ina karɓa in mayar masa ƙasa. Kuma babu ƙulli. Riga tana da ciki inda za ka ɓoye kunyarka, amma laima na sama yana gani, wanda ke ƙarƙashi ma da ya ɗaga kai zai gani. Kan zare a cikin sarƙar ɗinki ake ɓoye shi. Kowace huda kuma ƙofar ruwa ce, shi ya sa sai zaren da ya sha kaki, don ya toshe ramin da ya shiga. Wuyan Malam ya ƙage, idanuna suka yi ja, muka yi mata adon dagi da farin siliki, da adon gidan zuma da kore, falle bayan falle.

Da muka gama falle na bakwai, na fara shirya zaren na takwas. Malam ya ce in kwance igiyar, aiki ya ƙare. Na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa shi.

"Malam, saura guda hwa."

"Naɗe ta," ya ce.

Na rufe laimar na shiga naɗewa. Falle bakwai masu ado suka kwanta ɗaya bisa ɗaya, sai na takwas ɗin nan, da yake babu zare a jikinsa, ya zagayo da laushinsa ya lulluɓe su duka, maɗauri ya kama shi. A naɗe, ba ka ganin ko zare ɗaya na aikin da muka yi.

"Wanga shi muke ce ma ɗan dako," in ji Malam. "Shi ka shan zuhwar hannu, shi ka shan rana in an jingine ta, shi ka shan gogar bango. In ya mutu a ɓalle shi a sa wani. In ka yi mashi ado ya yi tauri, ba shi naɗuwa, kuma wa za shi rufa ma sauran asiri?"

Ɗan dako ke nan. Ba mantuwa ba ce, ba kuma zare ne ya ƙare ba. Duk wanda ya koyi laima a hannun mai laima ya san shi. Wanda bai koya ba, da ya gan shi sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi.

Malam Shaibu ya rasu, rumfa ta dawo hannuna. Laimomi masu araha suka cika kasuwa, ka saya da safe ta karye da yamma, ba mai kawo irin wannan a yi mata ado. Na koma kan huluna, da wuyan riga, da matasan kai na ɗakin mata, da labule. Amma laimar liman ba ta bar ni ba. Duk bayan 'yan shekaru, ladanin garin yakan kawo ta a sake mata ɗan dako. Da farko wani tsoho ne, daga baya ɗansa Tanko ya gaje shi a kiran salla da riƙon laima. Tanko mutum ne siriri marar yawan magana, yakan zauna a bakin rumfa yana kallo har in gama, kamar wanda ya kawo ɗansa wurin wanzami. In na ɓalle tsohon fallen, za ka ga shatin hannunsa a jiki, ya yi fari-fari don gishirin zufa. Na ciki kuwa suna nan garau yadda Malam ya bar su.

Sai ga shekarar da aka rufe iyaka. Ku kuna jin ta a bakin masu mota da 'yan canji na Ɗan Issa can bakin iyaka, kun ɗauka su kaɗai ta taɓa. Zarenmu na kirki daga Kano yake zuwa, ya tsaya cak. Masu kawo mini huluna daga Jibiya da Katsina suka ɓace. Na kai ga sayen tsofaffin riguna ina warware silikinsu zare-zare don in sami abin aiki. Da abin ya ƙi, na shiga lambun wani a bakin tabki ina ban ruwan albasa. Hannuna ya faffashe, in na taɓa siliki sai ya maƙale a kaushin yatsuna, sai na shafe su da man kaɗanya kafin in iya riƙe allura. Mai surfani da hannun manomi, wannan ita ce shekarar da ba na so a tuna mini.

A shekarar ne Alhaji Mamman ya riƙe ni, kuma ba zan ci amanar gaskiya in ɓoye wannan ba. Ɗan ƙauyen liman ne, mai kamyo-kamyo, wato manyan motocin kaya, a Ɗan Issa. Da hanya ta toshe, ya juya motocinsa suka koma jigila a cikin ƙasa, bai tsaya ba. Ya gan ni da bokiti a lambu, ya ce wannan hannun ba na albasa ba ne. Ya ba ni murfin kujerun motocinsa, ya ba ni hulunan da yake rabawa, ya ba ni labulen gidansa, har zare ya sa aka nemo mini daga Yamai. Bayan hanya ta buɗe ma bai daina ba. Kusan rabin abin da ke shiga tukunyar gidana daga hannunsa yake fitowa. Mutum ne mai kyauta ƙwarai. Aibinsa ɗaya, yana son duk abin da ya taɓa ya ɗauki sunansa. Bokitin alwala in ya saya wa masallaci, sai an rubuta.

Wani azumi, ya sake wa masallacin garinsu rufi, ya shafe shi da fenti, sannan idonsa ya faɗa kan laimar a jingine a kusurwa. Ya roƙi liman ya ba shi ya kai a gyara kafin salla. Liman ya tsufa sosai a lokacin, kuma wa zai ce a'a ga wanda ya yi masa rufin masallaci? Sai ga mota ta tsaya gaban rumfata, Alhaji ya fito da laima a hannu yana fara'a. Ya buɗe ta da kansa, ya juyo mini ɗan dako.

"Malam Habu, ka ga abin kunya? Shekara da shekaru limaminmu shina tahiya ƙarƙashin aikin da ba a gama ba. Ga wuri Allah ya aje mani. Ka rubuta sunana nan da zaren zinari, manya-manya, yadda na bayan sahu za shi karanta."

Na yi masa bayanin ɗan dako tiryan-tiryan, har na naɗe ta a gabansa ya gani. Ya saurara yana kaɗa makullin mota.

"Wanga zancen mutanen da ne," ya ce. "Da can zare ka tsada, shi ya sa sunka bar shi. Ni ina da abin saye."

"Alhaji, ba zancen tsada ba ne. In na sa allura nan, na kashe ta. Kawo ko mi ne ne in rubuta maka suna, amma ban da wanga."

"Ni kake hana ma aiki, Malam Habu? Ni?"

Na ji nauyin wannan "ni" ɗin har cikin ƙashina, don na san abin da yake tuna mini. Amma na ce masa ba zan yi ba. Ya naɗe laimarsa, bai yi mini sallama ba, ya ja mota.

Ban san inda ya kai ta ba sai daga baya. Wurin maigidanku Nasiru ya kai ta. Ku da yawanku ba ku zo atalye ɗin, shagon ɗinkin nasa, ba tukuna, lokacin bai daɗe da sayen babban keken nan mai aiki da ordinatar, wato kwamfuta, ba, gari duka ana zuwa kallo. Nasiru yaron kirki ne, tela ne kuma na gaske, amma bai taɓa riƙe laima da niyyar aiki ba. Ya ga falle babu ado, ya ga babban mutum, ya ce an gama. Ya ɓalle ƙyallen duka daga ƙarfe ya shimfiɗa, ya manna masa takardar nan mai tauri a baya, ya saki keke. Sai ga matsala: sunan Alhaji, da Mai Kamyo, da Ɗan Issa, sun fi ƙarfin falle ɗaya. Maimakon a rage harafi, aka bar su suka tsallaka ɗinki hagu da dama, zaren zinari ya hau kan dagin Malam Shaibu ya danne.

Ba zan yi muku ƙarya ba, an ce ranar ƙaramar salla ta yi kyau. Tana ƙyalli tun daga nesa, yara suna bin ta suna karanta sunan da ƙarfi, Alhaji yana ta karɓar gaisuwa. Sai da aka shafa fatiha aka watse, Tanko ya zo rufewa. Ta rufu rabi ta tsaya. Ya lallaɓa, ya danna, fallen nan ya tsaya ƙiƙam kamar busasshiyar fata. A haka ya kai ta gida, a haka ta kwana ta wuni a buɗe rabi, har wani haƙarƙari ya fara cin silikin da ke kusa da shi.

Bayan salla da 'yan kwanaki na hango babur ɗin kabu-kabu yana tahowa a hankali, mutum a baya ya rungume wani abu kamar kazar da aka karya wa fiffike. Tanko ne. Ya sauka ya ajiye ta a gabana, bai ko gaishe ni ba, shi da ba ya wuce yaro bai gaisar ba.

"Ta ƙi ruhuwa, Malam Habu," ya ce. "Liman ya ce in kawo maka. Ya ce kak ka yi hushi da kowa, shi ya ba da ita da hannunshi."

Na duba inda zinari ya hau kan dagi, ɗinkin keken Nasiru ne, ba sai an faɗa mini ba. Ni na miƙa wa Malam allurar da ta yi wannan dagin, ina bisa turmi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban yi ba ko ranar da na ɗauki bokitin albasa. Liman ya ce kada in yi fushi, amma ni ba liman ba ne. Na saɓa laimar a kafaɗa, na ratsa kasuwa da ita a buɗe rabi mutane suna kauce mini, har ƙofar atalye. Na ce a kira mini Nasiru.

Ya fito yana goge hannu. "Baba, lahiya?"

"Ruhe mani wagga."

Ya gwada, ya sake gwadawa, zufa ta karyo masa. "Baba, wallahi ni aiki anka kawo mani. Na ɗauka ba a gama ta ba ne."

"Ka ɗauka. Tsakanin nan da rumhwata tahiyar mi ce? Kehenka shina da baki da za shi hana ka tambaya?"

Na ce masa da a ce a kan ɗan dako kaɗai ya tsaya, da na ɓalle na jefar na sa wani, magana ta ƙare. Amma ya ɗinke shi da maƙwabtansa biyu, in na sa almakashi aikin Malam zan yanka. Hanya ɗaya ce: a warware zaren keken da allura, huda bayan huda, ba tare da an taɓa silikin da ke ƙarƙashi ba. Idona ba zai iya shi kaɗai kafin babbar salla ba. In kuma ba a yi ba, laimar ta mutu ke nan, sai dai a rataye ta a bango ana nuna wa jikoki.

Ban tilasta masa ba, ba ni da ikon haka. Washegari da hantsi sai ga shi a rumfata. Na ba shi siririyar allura da fatar yatsa, na nuna masa yadda ake ɗaga zare ɗaya a yanke a zare shi ta baya. Keke ya yi aikin nan tsakanin hantsi da azahar. Warwarewa ta ci mana makonni. Ɗinkin keke matsattse ne, huda a kan huda, ga takardar da aka manna ta kama ƙyallen, sai an jiƙa ta da ɗan ruwan ɗumi a ɓanɓare da farce. Nasiru yakan bar atalye a hannun yaransa ya zo ya zauna, wuyansa ya ƙage, ya soki yatsa ya tsotse ya ci gaba. Ran nan ya ɗaga wani harafi, farin dagin ya fito daga ƙarƙashi, ya juya ƙyallen yana neman ƙulli a baya. Ya nema ya rasa.

"Baba, ina ya ɗaure zaren?"

"Nemo shi," na ce. "In ka gane shi, na ba ka almakashina."

Har muka gama bai gano ba, kuma tun daga ranar ya rage surutu.

Inda ƙarfe ya ci siliki na cike da hannuna, a buɗe, a rataye, yadda aka koya mini, Nasiru yana bisa turmi yana mayar mini da allura. Wurin bai koma kamar da ba, wanda ya sani zai gani, kuma wannan tabon yana nan har abada. Na yanko sabon baƙin ƙyalle mai laushi na sa mata ɗan dako. Ranar da na naɗe ta ta kwanta lif, maɗauri ya kama, Tanko ya yi hamdala da ƙarfi har mai tsiren da ke gefe ya waiwayo.

Labari ya kai kunnen Alhaji Mamman cewa an cire sunansa. Saura kwanaki kaɗan babbar salla, Tanko ya zo ɗaukar laima, sai ga mota. Alhaji ya fito bai yi fara'a ba. Ya karɓe ta daga hannun Tanko ya buɗe, ya ga fallen baƙi wuluk.

"Malam Habu, abin da za ka saka mani da shi ke nan?"

"Alhaji, alherinka ban manta ba, kuma ba ni mantawa. Bari in yi maka labulen ƙohwar masallaci, da hannuna, sunanka a sama, kowa ya shiga ya gani, sau biyar a yini."

"Ba labule nike so ba. Nan nike so. To, a rage shi, a yi ƙanana, kak ya taɓa na gehe."

"Ko harahi ɗaya ne, tauri za shi yi. Ba ni yi."

"In ka ƙi, kak ka sake ganin ƙyallena a rumhwarka."

Na san abin da wannan ke nufi ga gidana, na kuma san shekaruna sun wuce na komawa lambu. Na ji tsoro, ba zan ce ban ji ba. Amma na ce masa Allah ya sa haka shi ne mafi alheri. Ya ce ai ba ni kaɗai ne mai allura a Madarumfa ba. Ya saɓa laimar ya nufi atalye da ƙafa, ya bar motarsa a nan. Tanko ya bi shi a baya yana salati ƙasa-ƙasa, ni ma na bi, don ina so in gani da idona.

Ku sani, Nasiru ya fi ni abin rasawa. Kayan direbobin Alhaji duka shi ke ɗinkawa, da na iyalinsa na salla, kuma a makon nan ma suna jibge a teburinsa. Muka same shi a tsaye bakin ƙofa, babban keken yana bayansa yana ta ruri, yana cin wuyan wata farar riga. Alhaji ya miƙa masa laimar.

"Nasiru, maida mani sunana nan. Ƙanana, cikin hwalle guda. Yau nike so."

Nasiru bai miƙa hannu ba. Ya dubi laimar, ya dubi yatsunsa da ba su gama warkewa ba, sannan ya ɗan rusuna cikin ladabi.

"Alhaji, ka yi haƙuri. Keken ya lalace."

Alhaji ya leƙa ta bisa kafaɗarsa. Keke yana ta aiki, allura tana hawa tana sauka, har ƙasa tana rawa.

"Wanga da nike ji hwa?"

"Riga shina ci, Alhaji," in ji Nasiru. "Laima ce ba shi ci."

Alhaji ya tsaya da laima a hannu, ya dube shi, ya dube ni. Babu wanda ya yi dariya, ko yaran atalye sun sunkuyar da kai. Can ya miƙa wa Tanko ita ba tare da ya kalle shi ba, ya ce a haɗa masa kayansa da ke teburi, ɗinkakku da waɗanda ba a taɓa ba, direba zai zo ya ɗauka. Daga ranar har yau bai sake kawo wa ɗayanmu ko hula ba.

Tanko ya rufe laimar a nan bakin ƙofa. Ya bi falle bakwai ɗin da tafin hannu yana kwantar da su, ya zagayo da na takwas ya lulluɓe, ya ɗaure. Ya kama ta daidai inda hannunsa ya saba kamawa, ya tsayar da kabu-kabu, ya ce wa yaron da ke tuƙi ya ja a hankali, liman yana jira.